Carbin Baba da ke kan ƙusa

Nashik, ranar Laraba

Zuwa ga yayana, Dada Mangesh,

Ina taɓa ƙafafunka daga nesa, tare da fatan kana lafiya kai da iyalinka, kuma zafin Muskat bai gama ƙona ku ba. Ubangiji Vitthal ya tsare ku, ya ƙara wa yara basira. Mu nan lafiya lau, mahaifiyarmu Ayi dai tana fama da hawan jininta, amma tana shan magani idan an tsaya a kanta. Na zaɓi in rubuta maka ne don na san idan na ji muryarka a waya bakina zai mutu.

Ranar Asabar mun kai ziyara gidan su Harshad, yaron da na gaya maka muna son juna, don iyaye su ga juna. Na faɗa wa Baba manoman inabi ne, kuma ban yi ƙarya ba, sai dai rabin maganar na faɗa. Bayan gonar suna da wata 'yar rumfa inda suke matse inabin su yi giya. Su ma can ban gaya musu ba cewa Baba mai rataya carbin itacen tulsi ne a wuya, wanda tun kafin a haife ni ya yi alkawarin ba nama ba giya. Na ɗauka wayo na yi. Da safe ma ni na sa shi ya saka sabuwar rigarsa mai dogon wuya, ni da hannuna na ɓalla masa maɓallin sama, carbin ya shige ciki.

Mahaifin Harshad, Sampatrao, mutum ne mai fara'a da yawan surutu. Ya zagaya da mu cikin gonar, shi da Baba suka yi ta musu kan taki kamar sun shekara da sanin juna, har na fara jin sanyi a raina. Aka kawo gurasar dawa da miya mai yaji, muka ci a inuwa. Daga nan ya ja mu rumfar, ya ce a gidansu ba a buɗe sabuwar ganga sai babban baƙo ya fara ɗanɗanawa, haka ya gada wurin mahaifinsa. Ya tsiyaya a kofi ya miƙa wa Baba da hannu biyu, kowa ya zuba ido. Dada, ban san lokacin da na ce, "Ruwan inabi ne kawai, Baba" ba. Sampatrao ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce. Baba ya kai kofin hanci, ya dube ni, ya kurɓa sau ɗaya, ya ce wa mutumin hannunsa yana da albarka.

A hanyar dawowa bai ce uffan ba. Muna shiga gida Baba ya cire carbin ya rataye a ƙusar da ke gefen wurin ibada. Na durƙusa ina kuka ina cewa ni na yaudare shi, laifin ba nasa ba ne, alkawarinsa na nan. Sai ya ce, "Shubha, wanda ya tsufa a gona bai san warin abin da ya ruɓa ba? Da sanina na sha. Da na ajiye kofin nan, da kin zama maƙaryaciya a gidan da za ki zauna." Na ce to a fasa auren, ya ce kada in ƙara masa asara a kan asara, mutanen kirki ne, kuma ba su yi masa komai ba.

Ayi ba ta yi min faɗa ba, wallahi da ma ta yi. Abinci kawai take turo min ba ta kallon fuskata. Jiya kuma abokan tafiyarsa suka zo shirin tattakin ibada zuwa Pandharpur, tunda damina ta matso, ka kuwa san bai taɓa fashi ba ko shekarar da aka yi masa aikin ido. Ina bayan ƙofa ina ji suna tsokanarsa wai ina carbi, ko tsufa ya sa ya fara mantuwa. Baba, wanda ko mai karɓar kuɗin mota bai taɓa yi wa ƙarya ba, ya ce musu igiyar ce ta tsinke, kuma bana gwiwa ba za ta bar shi ya je ba. Don kada sunana ya fito ya faɗi haka.

Ina roƙonka ka kira shi, kai yana jin maganarka. Ka zage ni yadda kake so, na cancanta, amma ka lallashe shi ya je wurin malaminsu a sake ɗaura masa. Ni na kasa haɗa ido da shi.

Ka gaida min matarka Sulabha, da Ketaki da ƙaramin Adwait. Ayi tana sa muku albarka. Baba bai san na rubuto ba.

Ƙanwarka,
Shubhada