Tulin ƙasar da na ƙona maka, Baba

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, ɗanka Habibu ne. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake, amma maganar nan ta ishe ni a ciki.

Ka tuna tulin ƙasar nan da ke kusurwar lambunmu na tumatir, bayan Ƙofar Dawanau? Daga gindin tsohuwar tsamiya kake ɗebo ta, ka haɗa da ruɓaɓɓen ganye, ka lulluɓe da buhu, kullum ka yayyafa mata ruwa. Kafin dashe, kowane rami sai ka zuba masa tafi guda. In an ɗaga buhun, funfuna ce kore-kore, ni ƙyama ma take ba ni. Kai kuwa ka ce, "Masu gadi ne, kada a bar su da ƙishi."

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki na dawo daga makarantar aikin gona, kaina ya kumbura. Kowa sabon zamani yake kira, ni ma haka. A shekarar ciwo ya kwantar da kai a gidanmu na Dukawuya, lambu ya dawo hannuna. An koya mana funfuna cuta ce. Na tara kara a kan tulin, na cinna masa wuta, har ina jin na yi gwaninta.

Kullum na shigo gaishe ka sai ka tambaya, "Ka shayar da tulin?" In ce na shayar. Kana ta sa mini albarka.

Ba ka ga abin da ya biyo baya ba. Tumatir ya yi fure, sai ya kama yaushi daga ƙasa, layi bayan layi. Shekara uku ina fesa magani kamar mahaukaci, a banza. Yayyena suka ce a sayar wa masu gini. An yanka rabi, har da tsamiyar.

Bana malamin gona ya zo da wani gari a leda. Ya ce funfuna ce mai amfani, tana zama a saiwa ta cinye mai kawo cutar, a cuɗa ta da taki a ajiye a inuwa da danshi. Da ya ɗaga buhu bayan mako biyu, wallahi Baba, kore-koren nan ne. Na zauna a ƙasa ina kuka, bawan Allah ya rasa me ya yi mini.

Tumatir ya tsaya bana, yayyena sun janye maganar sayar da sauran. Ban ji daɗin da na zata ba. Inna ta sani yanzu, jiya na gaya mata abin da na yi wa tulin. Sai ta ce ranar da za ka cika ka ce mata hankalinka a kwance yake, lambu yana hannun mai amana.

Ka yafe mini, Baba. Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ni kuma ya sa in cancanci shaidar da ka yi mini.

Ɗanka,
Habibu