Kaset Ɗin da Kuka Shafe

Sofiya, Bulgeriya
14 ga Janairu, 1989

Ƙanena Sanda,

Bayan gaisuwa, yaya Inna da ƙafarta? Yaya mutanen Unguwar Dosa? Ni lafiya lau, sanyin ma an fara sabawa, yatsu ne kawai ba sa jin magana.

Saƙon muryoyinku ya iso. Duk kaset ɗin da ke Kasuwar Kawo ka rasa wanda za ku naɗi gaisuwa a kai sai nawa na waƙoƙin Turawa masu jita, wanda na yi wata uku ina gadin rediyo kafin ya cika? Ba laifinka ba ne. Kunnen da disko ya lalata me ya sani? Kai ne fa ka ce mawaƙin ihu yake kamar an taka masa ƙafa.

Daidai inda jitar ke hawa, tsigar jiki na tashi, sai ga ka kana hura rikoda kana tambaya ko ta ɗauka. Ta ɗauka, gwani.

Ka kulle sauran kaset ɗin a akwatina. Wannan kam ya zauna nan. Wurin da Inna ta yi tari kafin ta kira sunana, na maimaita shi har zaren ya fara saki.

Allah ya ba ka kunne.

Yayanka,
Tukur