Mubarak da Injin Matsar Rake

Zuwa ga ƙanena Isiyaku,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Ya ƙarfin jikin Hajara? Mu nan Maƙarfi lafiya lau.

Ɗan wajena Mubarak ya zo hutu, sai injin matsar rakenmu ya tsaya. Na ce to, ga mai shekara huɗu yana karatun ƙera jirgin sama. Ya zagaya injin, ya ce a kira bakanike! Tafin hannunsa sumul, littattafansa lissafi zalla, kuma wai digiri na biyu zai ƙara.

Hankalina bai kwanta ba. Tunda jami'arsu kusa da kai take, leƙa ka gano min ko akwai jirgi ko ɗaya a wurin.

A gaida yara, a sa mu a addu'a. Kada dai Mubarak ya san ni na aike ka.

Yayanka,
Haruna