Tarihin da Merlisa Ta Zaɓa

Gouyave, Grenada
Watan Disamba

Zuwa ga matata Verlyn, fitilar da aka ɗauke daga ɗakina aka kai unguwar Brooklyn a birnin New York,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da begen da ba ya tsufa, ina fatan kina lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya, kuma sanyin can bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Ubangiji.

Durum ɗin kayan Kirsimeti da kika aiko ya iso. Mun buɗe shi a tsakar gida, maƙwabta na leƙe ta kan shinge kamar kullum. Shinkafa, man girki, sabulu, da takalmin da ya ɗan matse ni, amma na gode. Sai can ƙasa, naɗe cikin tawul kamar jariri, ga littafi mai kaurin bulo: tarihin Amurka. Verlyn, in kyauta ce tsakani da Allah, me ya hana ki ɗora ta a sama?

Kin san tun da malamin tarihi ya tafi Kanada makarantar su Merlisa ba ta samu wani ba, kuma 'yarmu ta ƙudura za ta karanta tarihi da kanta ta zauna jarrabawa, don takardunta su yi nauyi wajen neman jami'a. Hanya biyu ce gabanta. Tarihin Karibiyan, a ganina, zai tsayar da ita nan kusa, Trinidad ko Barbados, inda zan iya kai mata ziyara. Tarihin Amurka kuwa ban ga inda ya nufa ba sai ƙofar ɗakinki. Na tambaye ta ko ita ta roƙi littafin. Ta ce, "Haba Dadi, littafi ne fa, ba tikitin jirgi ba." Ta yi dariya. Dariyar ce ban yarda da ita ba, domin irinta kika yi ranar da kika ce mini wata shida kawai za ki yi.

Teku, kin ɗauke rabin gidana,
Ki bar mini sauran hasken idona.

Ki faɗa mini gaskiya, shirinku ne ke da ita?

Mijinki mai jiran amsa,
Osbert Belfon

Gouyave
Watan Maris

Verlyn, abar ƙaunata duk da komai,

Ina gaishe ki gaisuwar mai nasara, da fatan jikinki da aikinki duk lafiya. Amsarki ta iso: wai a bar yarinya ta zaɓi abin da take so. Gajartar amsar nan ta ƙara mini zargi.

Na lura kowace Asabar Merlisa tana zuwa gidan Tanti Ione, ƙanwar mahaifinki, wadda har yau ba ta yafe mini tsawon waƙar da na karanta ranar bikinmu ba. Na ce lalle a can ake ƙulla abin da ake ƙullawa. Sai na sayi kifi a bakin teku, na bi ta wajen kamar mai wucewa. Ina leƙe ta taga, tsohuwar ta ɗaga murya: "Osbert, shigo mana, ka tsaya kamar akuya a ƙofar coci! Kifin nan nawa ne, ko ɗan rakiyar gulma ne?"

Na shiga da kunyata. Merlisa na zaune a ƙasa da waya a hannu, tana ɗaukar muryar Tanti tana rera waƙoƙin kakanni. A nan na ji cewa tarihin Karibiyan ta zaɓa, kuma za ta rubuta bincikenta a kan bukin saraka, sadakar abincin da ake yi wa magabata. Verlyn, da ba don shekaru ba da na taka rawa.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan Larabar Toka, farkon azumin coci, da kaina na kai ta ƙauyen River Sallee, inda ake bukin. An shimfiɗa ganyen ayaba a ƙasa, an zuba abinci, an fara ba magabata rabonsu kafin yara su sa hannu. Na gabatar da ita ga tsofaffin makaɗa, waɗanda ba sa buɗe baki ga baƙo, amma suka buɗe mata, domin ni na rubuta waƙoƙin jana'izar 'yan'uwansu. Yanzu kullum na taso daga wajen aikina na awon gyaɗar ƙamshi, sai mu zauna ina gyara mata jimloli. Littafinki kuwa ya samu aiki: shi ke tallafe da gajeriyar ƙafar teburin cin abinci.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Da na yi wa Tanti Ione godiya, sai ta dube ni da wani irin tausayi, ta ce, "Allah sarki, Osbert." Me take nufi?

Naki har kullum,
Osbert

Gouyave
Watan Afrilu, shekarar da ta biyo

Verlyn,

Ina gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Yau ba ni da baiti.

Na tabbata labarin ya riga wasiƙata isa gare ki. Jiya muna cin abinci Merlisa ta ajiye cokali ta ce wata jami'a a New York ta ɗauke ta, karatu kyauta, kuma abin da ya fi jan hankalinsu shi ne sakamakonta na tarihi da rubutunta a kan saraka. Rubutun da na goge kowace jimlarsa da hannuna.

Na ce, "To ashe ba tarihinmu kika zaɓa don ki zauna ba?"

Ta ce, "Dadi, tarihin Amurka yara dubu nawa suka haddace shi a can? Abin da ba su da shi na kai musu."

Na ce me ya sa ba ta taɓa faɗa mini ba. Ta ce, "Kullum littafi kake tambayata. Ba ka taɓa tambayata inda nake so in je ba."

Ban sani ba ko da gangan kika tsorata ni da littafin nan don in tura ta da hannuna, ko kuwa yarinyar ta fi mu wayo mu duka biyun. Kin ce ba ruwanki. Na ji, ban ce na yarda ba.

Daga baya ta same ni a baranda, ta ce Trinidad ma sun ba ta gurbi, in na ce kada ta haye, ba za ta haye ba. Na duba fuskarta ina neman alamar wayo, ban samu ba. Da gaske take, kuma wannan ya fi komai ciwo. Na ce mata ta tafi New York.

A watan Agusta za ta taso. Ki je filin jirgi da kanki, kada ki aiki kowa, ki riƙe mata rigar sanyi ko da ana zafi. In kin gan ta ki duba idanunta da kyau, ki rubuto mini ko ta yi kuka a hanya. In ni na tambaye ta za ta ce a'a, ni kuwa ba zan yarda ba.

Mijinki,
Osbert Belfon