Gidaje Uku Cikin Ɗari Huɗu

Zuwa ga Yaya Khalilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Yaya Murja da yara a can Fatakwal. Allah ya tsare ku, ya ƙara rufin asiri. Nan Bagwai ciwon ƙafar Inna ya lafa, 'yar'uwarmu Larai kuma ta yaye ɗanta.

Yaya, binciken digirina ya tsaya cak, kuma wallahi na gaji. Ka san wata uku na yi ina bin ƙauyuka, gida ɗari huɗu na shiga, ina tambayar kowane maigida matakin da yake a wannan shekarar ta tsada: babu yunwa, yunwa kaɗan, matsakaiciya, ko mai tsanani. Lissafin da nake amfani da shi, lojistik rigireshan na matakai masu jeri, aikinsa ya nuna yadda girman gona da yawan bakuna da samun taki suke tura gida daga wannan mataki zuwa na gaba. Amma ba ya aiki sai kowane mataki yana da isassun mutane a kansa. To gidaje uku kacal suka amsa mai tsanani. Uku fa! Kwamfuta sai ta riƙa ba ni shirme, wai ƙanƙantar gona ba ta da alaƙa da yunwa.

Ni kuwa da idona na ga rumbuna wayam, na ga mata suna dafa ganyen tafasa zalla da rana tsaka. Amma wane magidanci ne zai dubi 'yar maƙwabcinsa, a zauren gidansa, ya ce ya kasa ciyar da iyali? Sai ya gyara hula, ya gode wa Allah, ya zaɓi mataki na biyu. Malamina Dakta Nababa ya ce in haɗe matakai biyun sama in wuce, lokaci ya ƙure. Na gwada, lissafi ya tafi sumul, sakamakon kuma ya ce yankinmu ba ya cikin matsi. Akwai wata ƙungiya da za ta raba irin shuka, kuma da wannan rahoton za ta zaɓi garuruwa. In na canza amsoshi na yi ƙarya, in na bar su na cuci mutanenmu. Litinin zan miƙa, ban kuma ga mafita ba.

Gidanmu ma yana cikin ɗari huɗun, lamba hamsin da bakwai. Baba ya sa an daka geron iri tun kafin azumi, sau ɗaya ake ɗora tukunya. Da na karanta masa matakan, bai ko ɗago kai ba ya ce in sa na biyu. Na sa, da hannuna, na fita bayan rumbu na yi kuka.

Ka gaida Yaya Murja da Abdussalam da Maryam. Inna tana sa muku albarka. Baba ya ce lallai in rubuta maka cewa komai lafiya, kada ka tayar da hankalinka. To na rubuta.

Ƙanwarka,
Sakinatu