Kunnen Awong

Litinin, 19 ga Mayu, 2008
Muna cikin ɗaurin dila a kasuwar Kanan, nan ƙasar Sin, da rana sai komai ya tsaya cak. Motoci suka danna oda gaba ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Makoki ake yi, mako guda ke nan da girgizar ƙasar Sicuwan. Lawban ɗin, wato mai shagon da maigidana Alhaji ke sarin wanduna a wajensa, mutumin da bai san wata magana ba sai "meyo", babu, yau na ga hawaye a fuskarsa. Ni ma na saki igiyar na tsaya.

Alhamis, 29 ga Mayu
Anti Liyang, tsohuwar da ke ƙasa da ɗakinmu, ta zame a bene, gwiwa ta kumbura. Na kai mata cefanenta. Tana da wani jan kare babba mai gashi kamar tunkiya, Awong. Bai yi min haushi ba. Zuwa ya yi ya zauna gefen ƙafata yana kallon ƙofa. Haka Sai-Haƙuri, karen Baba, yake yi. Rabon da in tuna shi har na manta.

Da ɗan Sinancina da hannu da hotuna ta fahimtar da ni: an kawo waɗanda suka ji rauni a girgizar ƙasar asibitocin garin nan, ita da wasu suna kai musu karnuka duk Lahadi don hankalinsu ya kwanta. Ba biya. Yanzu ba ta iya riƙe igiyarsa. Na ce zan yi tunani, amma lokacin igiyar tana hannuna.

Juma'a, 30 ga Mayu
Ghali, abokin ɗakina, ya ce, "Shitu, tun daga Kano har Sin ka zo kiwon kare?" Wai hannuna ba zai shiga tirensa ba sai na wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Abdurrashid ɗalibi, da ke cin abinci da mu ran Juma'a, ya ce a karatunsu na zaure ƙwaryar da kare ya lasa aka ce a wanke, ba mutum ba. Ghali ya ce to tirensa ƙwarya ce.

Ba su san Baba maharbi ba ne. Ba su taɓa tambaya ba.

Lahadi, 1 ga Yuni
Mun je. Yara suka rufe Awong, shi kuwa ya kwanta kamar tabarma. Wata yarinya mai hannu a filasta ta yi ta shafa shi, tana kuma taɓa fatata ta ga ko za ta goge.

A gadon ƙarshe akwai wani dattijo, Tsoho Luwo, fuskarsa a bango. An yanke masa ƙafar hagu ƙasa da gwiwa. Matarsa tana cikin gida lokacin da ya rufta. Nas ta gaya wa Anti ba ya magana, ba ya yarda ya motsa ƙafar, kuma in gwiwar ta ƙage ba za a iya sa masa ta roba ba. Sai keke har abada, ga shi garinsu kan dutse ne.

Na dawo, duk unguwa siminti. A tukunyar furen Anti na samo ƙasar wanke hannu.

Lahadi, 8 ga Yuni
Wata budurwa cikin masu zuwa ta ɗora wa Tsoho Luwo ƙaramin farin karenta mai ribon a kan gado, da kyakkyawar niyya. Ya ture shi ko juyowa bai yi ba.

Amma na lura da hannunsa. Kaushi, farce a fashe, irin na Baba. Da faratan Awong suka yi ƙas-ƙas a kan tayil, babban yatsansa ya gogi na tsakiya. Ba ƙara, amma kira ne. Mutumin nan ya taɓa kiwon kare.

Talata, 10 ga Yuni
Ruwa tun safe, ba aiki. Ina ta tuna gida. Baba in ya dawo daga daji ba ya shan ruwa sai ya zauna a bakin rumbu karnuka sun zo ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe kunne ya cire kaska, ya duba tsakanin yatsu ko akwai ƙaya. Ni ke riƙe kaskon garwashi, yana jefa su suna fashewa. Ban taɓa ganin ya shafa kan kare ba, ko sau ɗaya. Inna tana daga madafa tana cewa, "Maidaji, tuwon nan zai huce saboda 'ya'yanka."

Lahadi, 15 ga Yuni
Na zauna a ƙasa gefen gadon Tsoho Luwo, na ba shi baya, Awong a gabana. Haka na ci gaba da zama. Har aka tashi.

Laraba, 18 ga Yuni
Alhaji ya ce saboda wasannin Olamfik ba a sabunta wa irinmu biza. Farkon Agusta sai gida.

Lahadi, 22 ga Yuni
Na sake zama kamar wancan makon. Zaman ya yi tsawo, ban san lokacin da hannuna ya kama kunnen Awong ya juya shi ba. Kare ne da ake yi wa wanka da sabulu mai ƙanshi, ina zai ga kaska? Hannu ne kawai ya tuna.

Sai na ji gado ya motsa. Tsoho Luwo ya juyo yana kallon yatsuna. Ya yi wata magana da kakkausar murya, ya ture hannuna, ya kama ɗaya kunnen. Ashe shi daga gindin kunne yake farawa, ni daga baki. Ya duba tsaf, ya ce, "Meyo."

Anti ta fita waje da sandarta, ta daɗe ba ta dawo ba.

Lahadi, 6 ga Yuli
Kunne an gama, saura ƙafafu. Daga kwance hannunsa ba ya kaiwa, ni kuma na ƙi ɗaga masa karen. Ya harare ni. Na kalli silin. Ya yi tsaki, ya ja jiki bakin gado, ya sauko da ƙafar, gwiwar ta lanƙwashe kaɗan. Gumi ya keto masa. Bai saki dagin Awong ba sai da ya duba duka huɗun.

Anti da kyar take jin Sinancinsa na ƙauye. Ta ce wai yana da baƙin kare, tun ranar girgizar bai gan shi ba. Wai kuma a ƙasarku akwai kaska? Na nuna masa girman gyaɗa. Ya girgiza kai, ya nuna nasu kamar goro. Ƙarya yake.

Juma'a, 18 ga Yuli
Na tarar da gwangwanin madara cike da jar ƙasa a bakin ƙofa. Ghali ya ce daga wajen gini ya ɗebo, wai na kusa kashe wa tsohuwa fure. Muna cin abinci, kansa a tire, ya ce, "Mutumin naka ya tashi kuwa?"

Lahadi, 3 ga Agusta
Zuwana na ƙarshe. An sa masa ƙafar gwaji, yana tsakanin ƙarafa biyu. Na zaunar da Awong a ɗaya ƙarshen. Tsohon ya zo, a hankali, yana zagin ƙafar da yarensu, amma ya zo.

Anti ta gaya masa zan tafi. Bai yi godiya ba, bai miƙo hannu ba. Ya yafito ni, na sunkuya. Ya kama kunnena ya juya, ya fara daga gindi, ya duba tsaf. Ya ce, "Meyo." Ya sake ni.

Gwiwar Anti ta yi sauƙi, za ta ci gaba da kai shi.

Alhamis, 7 ga Agusta
Filin jirgin Baiyun. Ko'ina tutoci, gobe za a buɗe wasan. Rigar da nake zuwa asibiti da ita tana ƙasan jaka, duk jan gashi. Ban wanke ba. Gaggawa ce.

Na gaya wa Alhaji kwana biyu zan yi a Kano in wuce ƙauye. Na kira Yalwa, ƙanwata, ta ce Baba ba ya shiga daji yanzu, ido ya yi rauni, da lalube yake duba kunnuwan. Wai karyarsa ta haihu.

Ban ce a ajiye min ba. Na dai tambaya ko akwai ja.