Shanu Biyu da Tayoyin Keke

Daren Alhamis, ƙarshen Maris, Gombe

Saura kwana uku shugaban soja ya karanta kasafin kuɗi a rediyo, ni kuwa tuwon ma na kasa ci.

Tun da aka fara raɗe-raɗin za a ƙara kuɗin fito a kan kayan waje, na sayar da shanu biyu cikin gadon mahaifinmu, na cika shago da tayoyin keke har rufi. Na ce in farashi ya tashi, kakata ta yanke saƙa. Yau yayana, Hamma, ya zo daga ruga, ya tsaya bakin ƙofa yana toshe hanci saboda warin roba. Ko zama bai yi ba. Ya ce, "Buba, wannan abin yana haihuwa?" Na yi dariyar yaƙe.

Wanda ya tsinka min zuciya shi ne Malam Yohanna na unguwar Herwagana, maƙwabcina a kasuwa. Da la'asar ya fito da nasa tayoyin, yana karyar da su kamar mai barin gari. Mutumin da ko kwabo ba ya ragewa! Na ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Ƙalau, wuri kawai nake nema," yana kallon ƙasa. Sai a hanyar gida na tuna surukinsa akawun kwastan ne a Ikko, kuma jiya surukin ya sauka daga jirgin ƙasa.

To, in rage kuɗin fiton za a yi fa? Ya Allah.

Farar saniyar nan ta cikin biyun, da ciki na sayar da ita. Hamma ya sani, shi ya yi kiwonta.